Akwatin shanya da randar sanyi: rubutun aiki daga Mai Wurno

Juma'a, 7 ga Janairu, 2022

Garwar tumatir ta faɗo fam 600, kuɗin Sudan, a kasuwar Sinnar wannan makon. In ka cire ladan yaran da suka tsinka da kuɗin mota, abin da ya rage bai taka kara ya karya ba. Kowace shekara haka ne. Tsakiyar hunturu kowa tsinka yake yi lokaci guda, da mai ɗan fili a bakin kogi da mai injin ban-ruwa, kasuwa ta cika ta tumbatsa, da yamma a juye ragowar a bayan tasha awaki su samu. Damina na shigowa kuma a koma sayen na gwangwani.

Bana ina so in ga iyakar abin da mutum zai iya tsarewa da kayan da ke cikin gari, ba tare da lantarki ba, tunda wutar ma sai ta ga dama take zuwa. Abu uku na sa a gaba: akwatin shanya mai aiki da zafin rana, randar sanyi irin mai tukunya cikin tukunya, da tulunan da ake binnewa a gindin shuka don lambun bazara. Da akwatin zan fara, don tumatir ba ya jira.

Ga wanda bai san wurin ba, Mai Wurno a ƙasar Sudan take, a gaɓar Bahar Azrak, reshen Nilu da ke gangarowa daga Habasha, kudu da Sinnar kaɗan a kan hanyar Sinja. Mutanen da suka biyo Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, bayan yaƙin Burmi na 1903, su suka kafa ta. Abin da ya shafi aikina dai yanayin wurin ne: baƙar laka mai tsagewa, hunturu busasshe mai rana ƙal, sai bazarar da zafinta ke haura digiri 40 tun daga Maris.

Na ware fam 25,000. Abin da ke gida kyauta: tsohon ƙyauren ɗakin girki, fallen kwano biyu da iska ta yaye bara, da tsohuwar tiyub ta babur.

Asabar, 8 ga Janairu

Wajen kafinta. A ƙasa na zana masa da tsinke. Tsawo mita 2, faɗi mita 1, ƙafafu huɗu su ɗaga shi zuwa ƙugu. A shimfiɗa kwano a ƙasan akwatin a shafe shi da baƙin fenti, shi zai sha rana ya ɗumama iskar ciki. Sama a ja farar leda mai kauri. Ramukan shigar iska a gaba ƙasa-ƙasa, na fita a baya can sama. Iska in ta yi zafi sama take nufa, to sai ta tashi daga kan kwanon, ta ratsa tumatir ta kwashi danshi ta fice ta baya, sabuwa ta shigo ta gaba. Dabarar ke nan gaba ɗayanta.

Mun ɗan ja kan murfin. Ya ce, "Malam, a yi shi shafe mana, ya fi sauƙi, katako ma ya ragu." Na ce, "Usta, in rana ta take ka fita ka dubi inda inuwarka ta faɗi." Muna wajen digiri 13 arewa da ikwaita, a Janairu kuwa rana ta kudu take ratsawa, inuwa na kwantawa arewa. Dole fuskar akwatin ta dubi kudu, bayansa ya ɗara gabansa da kamar santimita 40, don hasken ya faɗa wa ledar sosai maimakon ya goge ta ya wuce. Ya yarda, amma ya ƙara fam 500 a kan ladansa.

Kuɗin yau: katakon ƙari 5,000, ladan kafinta 4,000, leda mita 4 a 2,400, fenti 1,500, ƙusa da maɗaurai 900, ragar ƙarfe ta faranti 3,200, ma'aunin zafi 1,800. Jimla 18,800.

Talata, 11 ga Janairu

Akwati ya iso a amalanken jaki. Na bar shi a buɗe warin fenti ya fita.

Juma'a, 14 ga Janairu

Zubin farko, kilo 20, daga gonarmu. Mun wanke, uwar yara da 'yarmu babba suka yanka, muka jera a faranti biyu, ɗaya bisa ɗaya. Kafin mu gama hantsi ya yi nisa. Da ƙarfe ɗaya ma'auni ya nuna 34 a inuwar waje, 66 a cikin akwati. Maƙwabta sun yi ta leƙowa.

Litinin, 17 ga Janairu

Duka kilo 20 ɗin na juye a ramin taki. Matsala biyu ce, kuma ba su da alaƙa da juna.

Ta farko danshi. Da asubar Asabar na tarar ledar ta yi gumi daga ciki, ɗigo na sauka a kan tumatir ɗin. Ramukan fitar iska irin na bakin ƙusa babba ne, guda-guda, ba su isa su fitar da ruwan kilo 20 ba. Da rana akwatin ya yi zafi ya cika da tururi, da dare sanyi ya sauko wajen digiri 15, tururin ya koma ruwa a jikin leda ya dawo inda ya fito. Wannan 66 da na gani ranar Juma'a alama ce ta iska ba ta tafiya. Zuwa Lahadi da yamma tsakiyar farantin sama ya yi fari-fari da funfuna, ga wani tsami-tsami na tashi in an ɗaga murfi. Na gefe-gefe, kusa da ramuka, sun bushe da kyau, wanda ya ƙara tabbatar mini inda cutar take.

Ta biyu ragar. Kowane yanki da na ɗaga, ƙasansa ya ɗauki zanen raga, layi-layi baƙi-baƙi, in ka ɗanɗana kuma ƙarfe-ƙarfe yake yi a harshe. Ragar mai rufin tutiya ce, tumatir kuwa yana da tsami, tsamin ya ci rufin. Ko da ba a yi funfuna ba, wannan ba abin zubawa a miya ba ne.

Gwaggo ta shigo daidai ina kwashewa. Ta tsaya ta duba da kyau, ta ce, "Ɗan nan, mu da muke shanya a tabarma tun ba a haifi ubanka ba, ka taɓa jin tumatir ɗinmu ya tsiro gemu? Ƙuda ka tsare wa hanya, ka haɗa har da iska." Ba ta san ma'aunin zafi ba, amma abin da ta faɗa shi ne daidai. Sai dai ni ma ina da tawa hujjar: duk wanda ya ci miyar tumatir ɗin tabarma ya san yadda yashi ke gurzar haƙori, ban da kaji da ke bi ta kai da ƙudan da ke tashi daga inda kowa ya sani. Ban faɗa mata haka ba. Na tambaye ta me zan shimfiɗa a madadin ragar, ta ce asabari, mai siraran tsinke, wanda aka saƙa sako-sako.

Alhamis, 20 ga Janairu

Gyara. An tsaga baya da gaba tsawon akwatin, faɗin yatsa huɗu, muka toshe tsagar da ragar nan ta ƙarfe don ƙuda, tunda a nan ba ta taɓa abinci. Na tara gwangwanayen madarar gari, mai walda ya cire musu gindi ya haɗa su suka zama bututu mai tsawon mita guda, na shafa masa sauran baƙin fenti na kafa a bayan akwatin. In rana ta gasa shi yana zuƙo iskar ciki sama. Na gwada da hayaƙin tsumma a bakin tsagar gaba, hayaƙin ya shige ya fito ta kan bututun.

Uwar yara ta kawo tsohon gidan sauro ta ce a yanka a yi faranti, ba sai an sayi asabari ba. Na ce a'a. Irin wanda ake rabawa ne, maganin ƙwari a cikin zarensa yake, an yi shi ne don ya jure wanki. Ba za a ɗora masa abinci mai ruwa a cikin zafi ba.

Asabari biyu 1,500, walda 1,000. Jimla ta kai 21,300.

Sabuwar ƙa'ida: a yanka da dare ko da asuba, kauri kada ya kai santimita guda, a zuba kafin rana ta fito, da magariba a shigar da farantan ɗaki a rufa musu mayafi mara nauyi.

Laraba, 26 ga Janairu

Alhamdu lillahi. Zubin Lahadi ya bushe jiya da la'asar, kwana uku ke nan. Kilo 20 ya koma kilo 1 da giram 300. Ba abin mamaki ba ne, tumatir kusan kashi 94 cikin ɗari ruwa ne, wato in ka ɗora garwa a mota zuwa Sinnar, kuɗin dakon ruwa kake biya. Launinsa ja mai duhu, ba baƙi ba, in ka lanƙwasa yana karyewa ƙas.

Zafin ciki yanzu tsakanin 57 da 62 yake tsayawa da tsakar rana, kuma nan nake so. In ya doshi 70, bayan yankin kan ƙame ya kulle ruwa a ciki, zaƙin kuma ya ƙone ya yi ɗaci. Irin Peto 86 mai tsoka ya fi kyau nesa ba kusa ba, mai ruwa-ruwan nan zagayayye yana liƙewa a asabari sai an kankare.

Kafin in adana, nakan cika kwalba in toshe in ajiye wuni guda. In jikin kwalbar ya yi gumi, a mayar akwati. In bai yi ba, a ɗura a leda a sa cikin gwangwani mai murfi, a kai lungun da ba haske.

Talata, 1 ga Fabrairu

Zubi na tafiya daidai. Na fara sayen na maƙwabta a bakin gona, fam 500 garwa, tunda ba kuɗin mota.

Asabar, 5 ga Fabrairu

Kiyashi sun gano hanya ta ƙafafu. Na tsoma kowace ƙafa a gwangwanin ruwa, sai dai kafin la'asar ruwan ya ƙafe. Na zagaye gwangwanayen da toka, ɗan autanmu kuma ya karɓi aikin ƙara ruwa in ya dawo makarantar allo.

Juma'a, 11 ga Fabrairu

Muna masallaci akuyar maƙwabci ta haye kan murfin, kofatonta ya burma ledar wuri biyu, ta ci abin da bakinta ya kai. Maƙwabcin ya zo ba da haƙuri har da cewa zai biya, na ce ya bari. Na yanko ragowar leda na ɗora a kan ɓarakar, na danne da siraran katako, gefen kuma na ɗaure da zaren tiyub. Shingen ƙaya ya zagaye akwatin yanzu.

Na jarraba ayaba, tunda lambunan bakin kogi daga nan har Sinja cike suke da ita. Ta yi duhu, ba kyan gani, amma yara ba su bar ko yanki ɗaya in ga yadda za ta jure ajiya ba.

Asabar, 19 ga Fabrairu

Tumatir ya fara ja baya, zafi ya fara leƙowa. Lokacin randa ya yi. Na je wajen tsohon da ke ginin tukwane a gefen kogi.

Abin da nake so randa biyu ne marasa shafe, babba da ƙarama, ƙaramar ta zauna cikin babbar a bar tazarar yatsa uku ko huɗu a zagaye. A cika tazarar da yashi, a jiƙa shi, a rufe baki da jiƙaƙƙen buhun algarara. Ruwan yashin yana tsattsafowa ta jikin babbar randar, iska ta busar da shi, bushewar nan kuwa zafi take ci, daga jikin randar take zuƙarsa. Lita guda ta ruwa kafin ta zama tururi sai ta ɗauke zafin da ya kai wanda zai narkar da ƙanƙara kilo 7. Ba duka ne ke fitowa daga kayan ciki ba, iskar waje na mayar da wani, amma abin da ya rage ya isa.

Wani malamin makaranta ne daga Jigawa, Muhammad Bah Abba, ya yaɗa wannan tsari a ƙauyukan arewacin Najeriya a shekarun 1990, har kamfanin Rolex ya ba shi lambar yabo a 2000. Daga baya ƙungiyar Practical Action ta gwada shi da mata maginan tukwane a Fashir ta Darfur. Na ba tsohon wannan labari ina tsammanin zai burge shi. Ko a jikinsa. Ya ce, "Malam, wane gida ne a ƙasar nan ba shi da zir, randar ruwan sha, a ƙofa? Ai sanyin randa ba baƙo ba ne." Na ce, "Gaskiya ne Baba, amma a zir ruwa ake sanyayawa. Nan so ake cikin ya zauna a bushe a sa ganye da tumatir." Ya yi shiru, can ya ce to babbar zai ƙara mata busasshen kashin jaki a cikin yumɓu, in an gasa ya ƙone ya bar ƙananan ƙofofi ta fi tsattsafo, ƙaramar kuma zai dirje cikinta da dutse tun tana ɗanya don kada ruwa ya ratso. Wannan ban zo da shi ba, nasa ne.

Babba 3,000, ƙarama 1,800. Na ƙara da tuluna shida masu siririn wuya, 600 kowane, na binnewa. Kuɗin da na ware ya ƙare tun a randa, sauran daga cinikin barkono ya fito.

Asabar, 5 ga Maris

Tukwane sun iso jiya, tulu ɗaya ya tsage a hanya. Na tankaɗe yashin kogi na wanke shi har ruwan ya fita garau, don laka na toshe ƙofofin randa. Yashi kaɗan a gindin babbar, na zaunar da ƙaramar bakinsu ya yi daidai, na cika gefe, na zuba ruwa a hankali har ya daina shanyewa. Ya sha kusan lita 6.

Uwar yara ta ce a sa ta a ɗakin ajiya, nan ne ya fi duhu da sanyi, kuma yara ba sa shiga. Aka sa. Yau da ƙarfe biyu: waje 39, cikin randa 33. Na taɓa jikinta, jiƙe yake sharkaf, ɗakin kuma ya yi wani irin turnuƙu. Ɗakin ba taga, iskar ciki ta ƙoshi da danshi, ba ta da inda za ta ƙara ɗaukar wani. Randar na gumi, gumin ba ya tafiya.

Muka kinkimo ta mu uku zuwa ƙarƙashin darbejiyar tsakar gida, gefen da iskar arewa ke ratsawa, muka ɗora ta a kan zoben ƙarfe mai ƙafa uku irin na zir don iska ta bi har gindinta. Kafin magariba ta sauko 28.

Asabar, 12 ga Maris

Mako guda ina aunawa da ƙarfe biyu. Waje tsakanin 39 da 41, ciki tsakanin 25 da 27. Da asuba har 21 na gani. Ba firij ba ce, kada wani ya sa nama ko madara ya ce ni na faɗa. Amma ga ganye bambancin a fili yake, don ba sanyin kaɗai ba ne, har da laimar da ke hana shi yaushi.

Na raba kaya biyu ranar Asabar da ta wuce, rabi a randa rabi a kwando cikin inuwa. Jirjir, ganyen da muke ci ɗanye, na kwando bai kai washegari da azahar ba, na randa ya yi kwana huɗu ana ci. Lalo haka. Tumatir ɗin kwando ya fara ruwa a kwana na uku, na randa har yau da ƙarfinsa. Gurji ya yi kyau ƙwarai. Albasa ce kawai ta ƙi, ta fara fitar da saiwa da baƙi-baƙi a wuya. Ita bushewa take so, a bar ta a rataye inda take.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne ruwa. Safe da yamma sai an ƙara, wajen lita 3 a wuni a wannan zafin, ban da jiƙa buhu. A gidan da ke kusa da kogi ba komai ba ne. A gidan da ke sayen kowane duro daga mai amalanke, lissafi ne, kuma in aka manta wuni ɗaya yashin ya bushe, randar ta koma tukunya kawai.

Juma'a, 18 ga Maris

Na binne tuluna biyar a bayan gida har wuya, tsakanin kowane da na kusa da shi mita guda. Kuɓewa a zagayen uku, gurji a biyu, tazarar taƙi ɗaya daga jikin tulu. Na cika su, na kife musu fasassun kasake.

Juma'a, 25 ga Maris

Kuɓewa ta tsiro, amma a tuluna biyu ta fara lanƙwashewa alhali tulun cike yake. Na durƙusa na duba: ƙasar ta janye daga jikin tulun, an samu rata da yatsana ke shiga har ƙarshensa. Halin lakarmu ke nan, in ta jiƙe ta kumbura, in ta bushe ta tsuke ta dare. Tulun binne kuwa sai jikinsa na manne da ƙasa yake aiki, busasshiyar ƙasa ce ke tsotso ruwan ta ƙofofin yumɓu gwargwadon ƙishinta. In rata ta shiga tsakani, ɗan abin da ya tsattsafo sai ya gangara gindi ya bi tsaga ya nutse inda saiwar jaririyar shuka ba ta kai ba.

Na tone biyun, na faɗaɗa ramin, na cike zagayen da haɗin yashi kashi ɗaya, lallausar ƙasar bakin kogi kashi ɗaya, ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya, na danna da ƙafa. Sauran ukun ban tone ba don saiwa ta kama, na dai ɗura haɗin a cikin ratar. Sama na baza ɓawon gyaɗa. Na sake shuka inda ya mutu.

Kuɗi na ta faɗuwa wannan watan, komai na kasuwa ya tashi. Ledar da na saya 600 mita yanzu 1,000 ake faɗa.

Gidan ya cika da aikin hilu-mur na azumi, abin shan buɗa-baki da ake yi da tsiron dawa. Na yi wa Gwaggo tayin akwatin ta shanya tsiron dawarta a ciki, ba ƙura ba kaji. Ta ce tsiro ba ya son wuta, ranar Allah ta ishe shi. Na bar ta, kuma ina ganin tana da gaskiya, don zafin akwatin a watan nan yana iya kashe abin da ke sa tsiron ya zaƙaƙa kunun.

Laraba, 6 ga Afrilu

Azumi. Randar ta fita daga hannuna. Na ɗaga buhu in auna, na tarar an kwashe tumatir an jera kwalaben zoɓo da na hilu-mur. Na yi magana, uwar yara ta ce, "Malam, ƙanƙara nawa ake sayar da ita yanzu, in ma an samu? Tumatir ɗinka ai ga shi can a gwangwani." Ban da amsa. Kwalaben su ake fitarwa shimfiɗar buɗa-baki a ƙofar gida, kuma tun da aka fara haka ba a ƙara manta zuba wa yashin ruwa ba ko sau ɗaya, abin da a da sai na yi ta tuni. Matan gida biyu sun aiko tambayar kuɗin randa.

Wani farin gishiri-gishiri ya fara fitowa a jikin babbar, sanyin kuma ya ragu da digiri biyu. Ruwan burtsatse aka koma zuba mata, shi ke barin wannan in ya bushe, yana toshe ƙofofi. Na goge da burushi da ruwan kogi, na ce daga yau na kogi kaɗai.

Asabar, 16 ga Afrilu

Guguwar ƙura daren Alhamis. Bututun gwangwani ya faɗi, ledar ta yage daga inda akuya ta fara. Da na taɓa sauran sai ta ruburbushe a hannuna, wata uku na rana sun cinye ta. Leda ce ta shimfiɗa, ba irin ta rumfar shuka da aka yi wa maganin rana ba. Sabuwa mita 4, fam 4,000. Bututun na ɗaure shi da waya ta ɓangare uku.

Kuɓewar tulu ta kai gwiwa. Kowane tulu na shan cikawa ɗaya a kwana uku. Gara ta shigo ɓawon gyaɗa, na janye shi daga gindin shuka na barbaɗa toka. Farin ƙuda ya sauka a gurji: na daka 'ya'yan darbejiya na bara, kamar giram 50 a lita, na jiƙa kwana guda, na tace na fesa da yamma a bayan ganye.

Laraba, 27 ga Afrilu

Na kafa sanda da tsakar rana, ba inuwa. Rana ta iso bisa kanmu, daga yanzu har tsakiyar Agusta ta arewa za ta riƙa bi. Gangaren kudu ya daina amfani, na sa bulo a ƙafafun gaba murfin ya kusa shafewa. Kafinta zai ji daɗi in ya gani. Zafin ciki na haura 70 da azahar, sai na rufa buhu a rabin ledar. Albasa yankakka ke ciki yanzu.

Juma'a, 6 ga Mayu

Bayan salla, lissafi.

Akwati ya ci 25,300 har da sabuwar leda. Tukwane 8,400, dako 500. Tumatir ɗin da na saya a bakin gona 6,000. Abin da ke ajiye: busasshen tumatir kilo 17 da ɗoriya, barkono gwangwani huɗu, albasa biyu. Na buɗe gwangwanin Janairu, launi bai canja ba, ba ƙwaro. Gwaggo ta karɓi kofi guda ta daka ta yi miya, ba ta ce komai ba, amma ta aiko a ƙara.

Ba zan sayar yanzu ba. Sai Yuli ko Agusta, lokacin da ɗanye ke ɓacewa a kasuwa. Kilo 7 na gida ne, 10 na sayarwa, kuma a ƙananan ƙulli zan yi, don masu saye na miyar yini suke nema.

Abin da ke gaba. Kuɓewa ta fara fure, in ta yi yawa kafin ruwa ya sauka za ta shiga akwati. Da zarar damina ta kankama zan cire leda in naɗe, in ja akwatin ƙarƙashin rumfa. Randar ma na san sanyinta zai ja baya in iska ta yi laima, zan ci gaba da aunawa in ga iyakarta a Agusta. Ina cigiyar tsohon gilashin taga ko na mota a wajen masu gwangwan a Sinnar, in an samu mai araha a rabu da sayen leda duk wata uku.

Da kaka kuma gawayin kara. Karan riɗi ƙone shi ake yi a gona bayan an kakkaɓe, buhun gawayi kuwa kullum tashi yake. Tsarin shi ne a huda gindin duro, a cika shi da kara, a kunna daga sama, in farin hayaƙi ya sirance a rufe a toshe da laka har ya huce. A daka baƙin, a kwaɓa da ruwan ƙaro mara daraja ko kokon tsohon garin dawa, a matse a guntun bututu, a shanya. Maƙeri ya ce abin matsewar zai kai 3,000 a kuɗin yau. Duro akwai na Kawu, ya ce sai ya gama ginin katangarsa.